Kunne Biyu, Lasifika Shida: Yadda Ake Saita Kwamfuta Ta Kewaye Mai Wasa Da Sauti

A hutun da ya wuce na je Talata Mafara ganin gida, sai wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ya ja ni ɗakinsa don ya nuna mini wani abu da ya dame shi. Ya tara kuɗi ya sayi kwamfuta ta hannu, ya kuma haɗa da lasifikoki guda shida, biyar ƙanana da wata babba mai kama da akwati. Duk ya jera su reras a kan tebur ɗaya, kamar yadda mai shago kan jera gwangwanayen madara.

Ya ce da ni, "Kawu, ƙara kam akwai ta, har maƙwabta na kuka da ni. Amma idan ina wasa, sai abokin karawa ya lallaɓo ta bayana ya gama da ni, ban san ta inda ya ɓullo ba. An ce mini wannan kaya zai sa in ji takun mutum ta kowace kusurwa."

Na ce masa ni malamin ilmin halittu ne, ba makanikin kwamfuta ba. Amma da na ƙara duban teburin, sai na ga ashe matsalar tasa ta fi kusa da fannina bisa ga na makanikin. Duk wata dabara da masu ƙera katin sauti suka ƙirƙiro domin mai wasa ya ji kamar sauti ya kewaye shi, kwaikwayo ce ta aikin da kai da kunnuwa biyu ke yi. Saboda haka wanda ya fahimci yadda kunne ke gane ta ina sauti ya fito, zai iya saita na'urar ko da bai taɓa buɗe littafinta ba. Wanda bai fahimta ba kuwa, sai ya yi ta ƙara ƙara yana zaton a nan maganin yake.

Wannan baiwa ba ta wasa ba ce. Yaron da ke tsaron shinkafa a filayen noman rani na Bakolori yakan juya wajen da jan-baki suka sauka tun kafin ya gan su. Makiyayi a dajin Bakura yakan bi kukan ɗan maraƙin da ya ɓace masa cikin duhu. A 'yan shekarun nan kuwa da tsaro ya taɓarɓare, mutanen ƙauyukan Maradun sun fi kowa sanin darajar gane ta ina ƙarar babur ke tahowa da tsakar dare.

Rigegeniya tsakanin kunnuwa biyu

Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. A yanayi mai ɗan sanyi yana cin mita 343 a cikin sakan ɗaya, a irin zafin bazara na ƙasarmu kuwa yakan kai wajen mita 350. Idan wani ya tafa hannu ta damarka, sautin zai riga isa kunnen dama, sannan ya zagaya kai ya isa na hagu. Tafiyar da zai ƙara ba ta wuce santimita 22 ko 23 ba. Mai karatu na iya raba wannan tsawo da gudun sauti da kansa, zai ga cewa jinkirin bai cika milisakan ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Wajen kashi biyu bisa uku ne na milisakan. Wannan shi ne jinkiri mafi tsawo da kan ɗan Adam ke iya haddasawa. Idan sautin ya ɗan karkato gaba sai jinkirin ya ragu, idan kuma ya zo daidai saitin hanci sai kunnuwan su ji shi lokaci guda.

Abin mamaki shi ne ƙwaƙwalwa na auna wannan ɗan mitsitsin lokaci. A ɗakin gwaji an ga mutane masu lafiyar kunne suna rarrabe jinkirin da bai wuce kashi 10 cikin miliyan na sakan ba. Shi ya sa idan sauti biyu na gabanka, kana iya bambanta su ko da tsakaninsu digiri ɗaya ne kawai, wato kimanin faɗin ɗan yatsa idan ka miƙe hannu.

Akwai gwajin da nake yi wa ɗalibaina wanda ba ya buƙatar wutar lantarki. A samu tiyo mai tsawon mita ɗaya, irin wanda manoman rani ke jan ruwa da shi, a yi alama a tsakiyarsa. Ɗalibi ya riƙe bakunan biyu a kunnuwansa, tiyon ya zagaya ta bayansa, ya rufe ido. Wani ya ɗan ƙwanƙwasa tiyon da fensir. Idan a kan alamar ya buga, mai saurare zai ji ƙarar a tsakiyar kansa. Da an gusa da santimita ɗaya ko biyu sai ya nuna dama ko hagu. Gusawar santimita ɗaya na sa hanya ɗaya ta fi ɗaya da santimita biyu, jinkirin da ke ciki kuwa bai kai kashi 60 cikin miliyan na sakan ba. A yi bugun a hankali, domin tiyo na kai ƙara kai tsaye cikin kunne.

Alama ta biyu ita ce bambancin ƙarfi. Kai yana yi wa sauti inuwa, kamar yadda bango ke yi wa rana, don haka kunnen da ke nesa yakan ji shi da rauni. Sai dai ba kowane sauti ne kai ke iya tarewa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babbar magudanar ruwan Bakolori zai lura cewa babbar igiyar ruwa takan zagaye turke ta wuce kamar babu shi, amma 'yan ƙananan kan tsaya, su bar wurin da ke bayan turken lumui. Haka sauti yake. Mai kauri, irin na tambari, wanda ke girgiza sau 100 a sakan, tsawon igiyarsa ya kai mita uku da rabi, kai bai isa ya tare shi ba. Mai siriri kuwa, wanda ke girgiza sau 8,000 a sakan, igiyarsa wajen santimita huɗu ce, kai na tare shi sosai. Wani masani ɗan Ingila, Lord Rayleigh, shi ne ya bayyana a 1907 cewa da jinkirin lokaci muke gane inda sauti mai kauri yake, da bambancin ƙarfi kuma muke gane mai siriri. Iyakar tana wajen girgiza 1,500 a sakan, inda tsawon igiyar ya zo daidai da girman kai.

Ana yin wannan lissafi ne a gindin ƙwaƙwalwa, inda jijiyoyin da suka taso daga kunnuwan biyu ke fara haɗuwa, tun kafin mutum ya san ya ji wani abu. Wani gungun ƙwayoyin jijiya na kwatanta lokaci, wani na kwatanta ƙarfi. A kan wannan hanya ce ake samun ɗaya daga cikin mahaɗan jijiya mafiya girma a ƙwaƙwalwar dabbobi masu shayarwa, domin saƙon da ake auna shi da irin wannan ma'auni ba ya jure ɓata lokaci.

Gaba da baya, sama da ƙasa

To, a nan ne matsalar ɗan ƙanwata take. Sautin da ke daidai gabanka da wanda ke daidai bayanka duk suna isa kunnuwan biyu lokaci guda, da ƙarfi ɗaya. Haka ma wanda ke saman kai. Alamomin nan biyu ba su da abin cewa a nan. Yaya ke nan muke rarrabewa?

Amsar na cikin kunnen waje, wato wannan guringuntsi mai lanƙwashe-lanƙwashe da mutane da yawa ke ɗauka wurin rataya ɗan kunne ne kawai. Kafin sauti ya shiga rami ya isa dodon kunne, yakan bubbugi waɗannan lanƙwasa, wani sashensa ya ƙarfafa, wani ya dusashe. Sashen da ya dusashe ya danganta da kusurwar da sautin ya fito. Ƙwaƙwalwa ta haddace wannan tsari tun muna jarirai, saboda haka da ta ji an rage wani yanki na sauti mai siriri sai ta ce daga sama yake, ko daga baya. Idan kuma abin ya rikice mata, sai mu ɗan juya kai ba tare da mun sani ba, nan take ta warware.

Lanƙwasar kunnen kowa daban take, kamar zanen yatsa. A 1998 wasu masana a Jami'ar Nijmegen ta ƙasar Holan suka cike lanƙwasar kunnuwan masu gwaji da wani abu mai kama da roba, suka canza musu siffa. Nan da nan mutanen suka kasa gane sama da ƙasa, ko da yake suna gane dama da hagu. Bayan 'yan makonni suna yawo da abin a kunne, sai ƙwaƙwalwarsu ta koyi sabbin kunnuwan. Da aka cire kuma, tsohon saninsu na nan bai ɓace ba, kamar mutumin da ya koyi harshe na biyu bai manta na uwarsa ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba zan wuce nan ba sai na yi wa mujiya adalci. Mutanenmu na jifarta suna cewa tsuntsuwar mugun abu ce, alhali ita ce ke rage wa manomi ɓerayen da ke cin shinkafarsa. Mujiya mai farar fuska, wadda kan kwana a kangaye da rufin makarantu, ta fi kowace halitta da aka bincika suna a wannan fanni. Wani masani, Roger Payne, ya nuna a 1971 cewa tana iya cafke ɓera a ɗaki mai baƙin duhu, da jin motsinsa kawai. Ramin kunnenta na hagu ya fi na dama tudu, yana kuma kallon ƙasa, na dama na kallon sama, saboda haka bambancin ƙarfi na gaya mata sama da ƙasa, jinkirin lokaci kuma na gaya mata dama da hagu. A 1978 Eric Knudsen da Masakazu Konishi suka gano cewa a cikin ƙwaƙwalwarta akwai wata taswira, inda kowace ƙwayar jijiya ke amsa sautin wuri ɗaya tak.

Yadda na'ura ta koyi kwaikwayo

Hanya biyu ce ake bi a yaudari kunne. Ta farko ita ce a kewaye mai saurare da lasifikoki na gaskiya, kowace ta fitar da sautin da ya dace da wurinta, a bar kansa da kunnuwansa su yi aikinsu. Gidajen silima ne suka kawo wannan. Tsarin da ake kira 5.1 ya bazu ne daga 1992, lokacin da fim ɗin Batman Returns ya fito da sautin Dolby Digital. Biyar ɗin su ne hagu da dama da tsakiya a gaba, sai biyu na baya. Ɗayan kuwa ita ce babbar lasifika mai fitar da sauti mai kauri zalla.

Hanya ta biyu ta fi wayo. Tun da kunne biyu kaɗai gare mu, duk abin da muke ji ta ramuka biyu yake shiga. Idan aka auna yadda kai da kunnen waje ke canza sauti daga kowace kusurwa, kwamfuta na iya yi wa sautin wannan canji da kanta, ta zuba shi cikin abin sauraren da ake sawa a kunne, wato hedifon. Ana yin awon ne da mutum-mutumi mai 'yan makirfo a cikin kunnuwa. A 1994 wasu masana a cibiyar MIT ta Amurka suka auna irin wannan kai daga wurare 710, suka kuma ba da sakamakon kyauta ga duk mai so.

Kwamfutocin farko ba su da sauti sai wani ɗan tsuwa. Katin AdLib ya fito a 1987, sannan kamfanin Creative na ƙasar Singafo ya fitar da Sound Blaster a 1989, wanda ya mamaye kasuwa. A ƙarshen shekarun 1990 aka yi wata gasa mai zafi. Kamfanin Aureal, wanda ya gaji fasahar da aka fara ginawa tare da hukumar NASA, ya kawo tsarin A3D mai kwaikwayon kunne. Creative kuma ya kawo EAX a 1998, wanda ya ƙware wajen kwaikwayon amsa-kuwwar ɗaki ko kogo ko rami. Wasanni irin su Half-Life da Thief, dukansu na 1998, sun yi amfani da waɗannan. Shari'a ta shiga tsakanin kamfanonin biyu, kuɗin Aureal suka ƙare a 2000, Creative ya saye abin da ya bari. Sannan a 2007 Windows Vista ta toshe hanyar da wasanni ke bi su ba katin sauti wannan lissafi. Tun daga nan aikin ya koma hannun manhajar wasan da babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Ma'anar wannan ga mai saye a yau ita ce, ba lalle ne ya sayi kati mai tsada ba. Katin da ke manne a jikin babban allon kwamfutar tebur, wanda galibi na kamfanin Realtek ne, yakan iya fitar da hanyoyi shida ko takwas. A ganina, kuɗin da matashi zai zuba a kati na dabam gara ya ƙara su a kan lasifika ko hedifon mai kyau, sai fa idan na jikin allon ya lalace ko yana tsuwa.

Saita lasifikoki

Abu na farko da muka duba a ɗakin ɗan ƙanwata shi ne bayan babbar lasifikar. Wannan wajibi ne tun a kasuwa, kafin a biya kuɗi. Akwai kayan kiɗa da yawa masu lasifika biyar ko shida waɗanda hanya biyu kawai suke karɓa, ja da fari, sai su kwafe sautin gaba su watsa shi a baya. Irin waɗannan ba za su taɓa nuna maka inda abokin karawa yake ba, ko wane saiti ka yi. Na gaskiya za ka ga yana karɓar wayoyi uku masu baki irin na hedifon, ko ramuka shida masu sunan kowace lasifika. Nasa na gaskiya ne, amma waya ɗaya kawai ya jona.

A bayan kwamfuta ramukan na da launi. Kore na lasifikokin gaba ne, hagu da dama. Baƙi na biyun baya ne. Mai ruwan lemo yana ɗauke da ta tsakiya da babbar. Idan akwai mai ruwan toka, na gefe ne, ga mai lasifika takwas. Shuɗi da mai ruwan hoda kuwa na shigar da sauti ne. Kwamfutar da ke da ramuka uku kawai, kore da shuɗi da ruwan hoda, sau da yawa ana iya shiga manhajar katin a umarci shuɗin ya zama na baya, mai ruwan hodar ya zama na tsakiya. Wayar haske da wasu ke so saboda kyanta tana da tarko: hanya biyu kawai take ɗauka a sake, saboda haka fim zai fito da shida amma wasa ya fito da biyu, sai idan katin na iya dunƙule sautin nan take. Wayar HDMI ba ta da wannan matsala.

Daga nan sai muka sauke lasifikokin daga tebur. Mai wasa ya ɗauka yana zaune a tsakiyar agogo, allon kwamfuta na kan ƙarfe 12. Ta tsakiya a nan za ta zauna. Ta hagu a kan ƙarfe 11, ta dama a kan ƙarfe 1, wato digiri 30 ke nan kowane gefe. Na baya biyu su tsaya kusa da ƙarfe 4 da ƙarfe 8, tsakanin digiri 100 da 120 daga gaba, kamar yadda ƙa'idar da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar a 1992 ta tanada. Wato sun fi zama a gefe da ɗan baya, ba daidai ƙeya ba. Duka su kasance wajen tsawon kunnen mai zaune, suna kallonsa.

Nisa ya fi komai muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Ƙwaƙwalwa na da wata ɗabi'a: idan sauti iri ɗaya ya iso daga wuri biyu, wanda ya riga zuwa shi take ɗauka a matsayin asali, ta yi watsi da na biyun. Da wannan ne muke gane mai magana a cikin masallaci duk da amsa-kuwwar bango. To, lasifikar da ta fi 'yar'uwarta kusa da kai da mita ɗaya, sautinta zai riga isowa da milisakan uku, wato fiye da ninki huɗu na jinkiri mafi tsawo da kai ke yi. Komai sai ya karkata wajenta. Mun ɗaure igiya a jikin kujera muka auna kowace lasifika da tsawo ɗaya. Inda ɗaki ya yi ƙunci, manhajar katin na da wurin rubuta nisan kowace, ita kuma sai ta jinkirta na kusa. Babbar lasifikar kaɗai ce ba ta da wannan doka. Tun da sautin da ke ƙasa da girgiza 80 a sakan ba a cika gane inda ya fito ba, ana iya ajiye ta inda ta fi daɗin ji.

Saura a gaya wa kwamfutar. A cikin Windows, a sashen sauti, a zaɓi na'urar da ke fitar da sauti, a shiga wurin tsara lasifikoki, a canza daga sitiriyo zuwa 5.1, sannan a danna gwaji. Za ta buga ƙararrawa a kowace lasifika bi da bi tana nuna hotonta. A rufe ido a nuna da hannu. A nan muka gano na bayansa a juye suke, kuma sautin tsakiya na fita ta babbar lasifika. Manhajar na da maɓallin musanya waɗannan biyu. A kashe duk wani zaɓi da ke cika lasifikokin baya da sautin gaba. A ƙarshe a shiga cikin wasan kansa a zaɓi 5.1, domin da yawa ba sa ganewa da kansu. Tsofaffin wasannin da aka yi kafin 2007 kan buƙaci wata 'yar manhaja ta tsakani, irin ALchemy ta kamfanin Creative, kafin su dawo da sautin baya.

Ɗakin ma yana da nasa. Bangon siminti da daɓe da rufin kwano babu silin suna mayar da sauti ta ko'ina, su rikita kusurwa. Darduma a ƙasa, labule mai kauri, da katifa a jingine sun yi mana aiki. Wani gunji kuma da ke fitowa idan an tayar da janareta ya ragu da muka jona kwamfutar da lasifikokin a soket ɗaya.

Idan hedifon ne

Gaskiya ita ce, ga yawancin matasanmu hedifon ya fi dacewa: ba ya cin wuta, ba ruwansa da siffar ɗaki, ba ya kuma tayar da maƙwabta. Kada a ruɗu da rubutun 7.1 a jikin kwali. Mafi yawansu 'yan lasifika biyu ne a ciki, sauran aikin manhaja ce. Tun 2017 Windows na zuwa da irin wannan manhaja kyauta mai suna Windows Sonic, wasanni da yawa kuma na da tasu a ciki. Dokar ita ce a kunna ɗaya kawai. Idan wasan ya riga ya yi wa sauti canjin kunne, sannan Windows ta sake yi masa, ya zama kamar ya ratsa kai biyu da kunnuwa huɗu, babu ƙwaƙwalwar da ta san wannan tsari. A kuma tabbata ba a kunna zaɓin da ke haɗe dama da hagu su zama ɗaya ba, kuma ba a sa hedifon a juye ba.

Ko an yi komai daidai, wasu za su riƙa jin abin da ke gaba kamar a baya yake, ko a cikin kai. Dalili shi ne da kunnuwan wani aka yi awon, ba da naka ba. Idan manhajar na da nau'o'in kunne da za a zaɓa, a gwada su. Idan babu, a tsaya a kan guda a yi haƙuri, domin gwajin Nijmegen ya nuna ƙwaƙwalwa na iya koyon baƙon kunne idan an ba ta lokaci.

Kayan da ba shi da safaya

Masu wasa kan ƙure ƙara domin su ji takun sawu, wanda sauti ne mai rauni, sai kuma harbi ya fashe musu a kunne da cikakken ƙarfi. A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, a cikinta akwai ƙwayoyi masu gashi kimanin 15,000 zuwa 16,000, su ne ke mayar da girgiza ta zama saƙon jijiya. Ƙara mai yawa na kashe su. A 1988 an gano cewa tsuntsaye na sake tsirar da nasu idan sun lalace. Mu da sauran dabbobi masu shayarwa ba mu da wannan gata. Waɗanda suka fi saurin mutuwa kuwa su ne masu jin sauti mai siriri, wato ainihin waɗanda ake gane gaba da baya da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni: babba na iya sauraren desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, amma duk ƙarin desibel 3 na raba lokacin biyu, har idan an kai 90 abin da ya rage wajen awa huɗu ne a mako. Idan ka cire hedifon ka ji kunnenka na tsuwa, ko maganar mutane ta zama kamar daga cikin randa, ka wuce iyaka. Wasanni da yawa na da zaɓin dare, wanda ke ɗaga ƙananan sautuka ya kuma danne manya. Shi ya kamata a kunna maimakon a ƙara ƙara.

Da muka gama saitin, na sa yaron ya rufe ido na sake danna gwajin. Duk ya nuna daidai, sai dai kullum hannunsa na ɗan karkata dama, ko da ta tsakiya ce ke ƙara. Muka sake auna igiya, muka musanya lasifikoki, abin bai canza ba. Da na zauna a kujerar ni kuma na ji komai a wurinsa. Sai na tsaya a bayansa ina murza yatsu biyu kusa da kowane kunne. Na dama ya ji tun daga nesa, na hagu sai da na matso ƙwarai.

Na ce, "Kai ɗan nan, wannan kunne ya taɓa yi maka ciwo?"

Ya ce, "Inna ta ce ya yi ta zubar da ruwa ina ƙarami, Kawu. Amma ai ya warke."

Irin wannan ya yi yawa a ƙasarmu. Ciwon kunne mai ruwa, da hangum, da sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a Arewa a 1996 da kuma nan Zamfara a 2017, duk suna iya barin mutum da kunne ɗaya mai rauni, ya girma bai sani ba, domin ɗayan na rufa masa asiri a hira. Wani lokaci kuma datti ne kawai ya toshe, wanda tsinken ashana ko gashin kaza ke ƙara turawa ciki. Na ɗan ƙara wa ɓangaren hagu ƙarfi a manhajar, sautin ya dawo kusa da tsakiya, na kuma gaya masa wannan dabara ba ta maye gurbin awo. Kafin in bar garin na yi magana da mahaifiyarsa, muka tsayar da ranar da zai je Sakkwato, sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a duba masa kunnen.